Kimiyya da Zamani: Nesa Ba Ta Zo Kusa Ba Tukuna

Mutanenmu kan ce wai zamani ya sa nesa ta zo kusa. To, yau ina so in yi wa maganar nan ɗan gyara, domin kuwa akwai manyan injiniyoyi da suka ɗauke ta da gaske, suka ɗora gini a kanta, daga baya suka ji jiki.

Babban kamfani, kamar banki ko kamfanin jirgin sama, ba ya tara aikinsa cikin kwamfuta guda. Wata ce ke riƙe da sunayen masu ajiya, wata lissafin kuɗi, wata kuwa ita ke karɓar mai hulɗa da ya shigo ta intanet. Saboda haka masu tsara manhaja sukan yanka aikin sashe-sashe, kowane sashe da bayanansa da abin da ya iya yi, sa'an nan su rarraba sassan cikin kwamfutoci dabam-dabam. Sauran magana ita ce, ta ƙaƙa sassan nan za su riƙa zance da juna?

A 1989 waɗansu kamfanoni suka kafa wata ƙungiya a Amurka mai suna OMG, wadda ta fito da tsarin CORBA a 1991. Microsoft kuma ya kawo nasa, watau DCOM, a 1996. Burinsu ɗaya ne: mai rubuta manhaja ya kira sashen da ke wata kwamfuta a wani gari kamar dai a cikin tasa yake, ba ruwansa da inda aka ajiye shi.

Amma tun 1994 Jim Waldo da abokan aikinsa uku na kamfanin Sun suka yi gargaɗi cewa nisa ba ya ɓoyuwa. Ai kiran yaro daga zaure dabam, ba direban mota wasiƙa daga Kano zuwa birnin Ikko kuma dabam. Wanda ya haɗa su, to, ya haɗa wa kansa rigima biyu.

Ta farko ita ce jinkiri. Haske cikin wayar gilashi da ke ɗaukar saƙonnin intanet yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Tsakanin Ikko da Landan akwai wajen kilomita 5,000, watau zuwa da dawowa ba zai kasa kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba. Za ka ce ai ba kome. Amma in shafi guda yana bukatar kira 200, ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tambayo suna, wancan lamba, wancan ragowar kuɗi, an ci daƙiƙa 10 ke nan mai hulɗa na zaune yana kallon allo. Maganin da aka gano shi ne na uwargida mai hankali: ba ta aika yaro kasuwa sau goma, sai ta lissafa cefanen duka ta aike shi sau ɗaya.

Ta biyu ta fi muni. In ka aika saƙo ka ji shiru, ba ka san ko saƙon ne ya ɓata a hanya, ko kuwa ya isa an yi aikin amsar ce ta ɓata ba. In maganar tura kuɗi ce, ka sake turawa, wataƙila ka biya sau biyu. Ka ƙi sakewa, wataƙila ba ka biya ba sam. Wanda ya tsaya gaban mai shago lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, an cire masa kuɗi amma ba su isa ba, ya san abin da nake nufi. Dabarar ita ce a ba kowane saƙo lambarsa ta kansa, yadda in ya zo karo na biyu kwamfuta za ta gane shi, ta ƙi maimaita aikin. Shi ya sa da Sun ya fito da tsarin RMI na harshen Java a 1997, aka tilasta wa mai rubuta manhaja ya tanadi abin da zai yi in kira ya lalace a hanya.

CORBA dai kasuwarsa ta ja baya, saboda wuyar sha'ani, ga shi kuma katangun tsaro na kamfanoni sukan tare saƙonninsa. Yawancin sababbin ayyuka sun koma aika saƙo ta hanyar da shafukan intanet ke bi. Amma fa sauya mota ba ya rage tsawon hanya.

Don haka ina kira ga samarinmu masu koyon sana'ar nan: kada ku raba abin da zai iya zama wuri guda, in kuwa rabawar ta zama dole, ku yi shirin jinkiri da ɓatan saƙo tun ranar farko. Kai kuma mai tura kuɗi, in ka ji shiru kada ka yi garajen sakewa. Duba ragowar kuɗinka tukuna, ka kuma adana lambar cinikin, ita ce shaidarka a banki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.