Waiwaye: Jinin da Ba Mu Saba Shukawa Ba

Duk wanda ya tashi a yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ya san yadda ake yi da zazzaɓin da ya ƙi sauka. A je kemis ko ɗan ƙaramin ɗakin gwaji, a ɗebi jini, kafin la'asar an miƙo takarda: taifot da maleriya. Sai kafso, sai allurai, sai ƙarin ruwa. Shekara da shekaru mun ɗauka iyakar gwajin jini ke nan.

Wannan gwajin taifot ɗin shi ne Widal, sunan likitan Faransa da ya fito da shi a 1896. Ba ya ganin ƙwayar cutar kanta, martanin jiki kawai yake aunawa, kuma inda taifot ya zama ɗan gida, ko mai lafiya garau yana iya nuna shi. Yara nawa ne wata ƙwaya daban ta shiga jininsu, aka yi ta ɗura musu maganin taifot har rai ya yi halinsa? Allah kaɗai ya sani, domin ba a shuka jininsu ba.

Shuka jini shi ne gwajin gaskiya. Ana zuba jinin cikin kwalba mai ruwan abincin ƙwayoyi, a ajiye ta a ɗumi irin na jikin mutum har su yaɗu. Sai a shafa su a faranti, a jera ƙananan takardu zagayayyu, kowace ɗauke da magani guda. Washegari ma'aikaci ya sa rula ya auna filin da ya washe kewaye da kowace takarda: inda fili ya yi faɗi maganin yana ci, inda ƙwayoyi suka tsiro har bakin takarda sun gagare shi. Tun 1966 aka daidaita wannan hanya. Aibinta jira: kwana biyu, uku, wani lokaci fiye.

Inda aka daure aka shuka, an ga abin tsoro. A Maraɗi, tsakanin 2007 da 2008, cibiyar Epicentre ta binciki yara 311 da tamowa ta kwantar, ta sami ƙwayoyin cuta a jinin kashi 17 cikin 100. Binciken BARNARDS kan jarirai a ƙasashe 7, wanda Asibitin Murtala na Kano ya shiga, ya nuna a 2021 cewa a babban rukunin ƙwayoyin da aka gwada, kusan duka sun gagari ampisilin, kashi 70 cikin 100 kuma sun gagari jentamaisin. Su ne fa magungunan da ake fara ba jariri. Tamowar da aka gani a Maraɗi ita ce ke cika asibitocin Katsina duk damina.

Yau jira ya ragu. Na'urar MALDI-TOF tana faɗin sunan ƙwaya cikin mintuna, sai dai tsadarta da wutar da take so sun fi ƙarfin asibitin karkara. Abin da ya fi jan hankalina shi ne na 2018, lokacin da kwamitin EUCAST na Turai ya fitar da hanyar shafa faranti kai tsaye daga kwalbar da ta nuna alama, a karanta sakamako bayan awa 4, 6 ko 8. Takardun nan ne dai, rular nan ce dai. Ana bukatar wutar sola mai tsayawa, kayan aiki masu inganci da ma'aikaci horarre.

A ganina nan ya kamata gwamnatin jiha ta sa kuɗi. Ba a sa kwalbar jini a firij, kuma ana so ta isa ɗakin gwaji cikin 'yan awoyi. Daga ƙauyen Sabuwa zuwa asibitin Katsina ko na Shika, a hanyar da rashin tsaro ya hana bi da dare, wannan da wuya. Manyan asibitocin Ƙanƙara, Funtuwa da Malumfashi ne za su iya rage nisan. Mu kuma masu jinya akwai namu: allurar da aka yi a kemis kafin a ɗebi jini tana iya hana ƙwayar tsirowa a kwalba, sakamako ya fito babu komai alhali yaro yana ta zafi. In an yi masa allura a gida, a gaya wa likita sunan maganin da lokacin da aka yi, a kuma tafi da kwalinsa.