Ɗan Bahaushe Kirista Ma Ɗalibi Ne

'Yan uwa marubuta, mu daina kawar da kai. A ƙauyukan Kano akwai Hausawa Kiristoci, 'ya'yansu na zama aji ɗaya da namu. Idan malamin addinin Musulunci ya shigo, su ina nasu malamin? Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba, WAEC kuma tana jarrabawar addinan biyu.

Masu cewa boko ba ruwansa da addini su tuna, makarantar mishan ta Wusasa ce ta yaye Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Tarbiyyar da muke nema wa ɗanmu a Bagwai, mu nema wa ɗan maƙwabci. Ku ɗauki alƙalami.