An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ya zama ruwan dare a ji malamai suna kukan cewa ɗaliban zamani ba sa bincike, sai kwafe abin da suka tsinta a wayar salula. Kukan gaskiya ne, amma an bar jaki ana dukan taiki. Yaron da ya tashi a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, ya samu gurbi a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ko ta Abdou Moumouni da ke Yamai, wa ya taɓa zaunar da shi ya koya masa rarrabe tsaba da tsakuwa a cikin tarin bayanai? Wannan aiki ne na ma'aikacin ɗakin karatu, kuma shi ne aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Tun a 1974 wani Ba'amurke, Paul Zurkowski, ya raɗa wa wannan fanni suna, sannan a 2005 Sanarwar Iskandariyya, wadda UNESCO ta sa hannu a shirinta, ta ɗauke shi haƙƙin ɗan Adam. Ma'anarsa a taƙaice: mutum ya san abin da yake nema, ya san inda zai same shi, ya auna ingancinsa, ya kuma ambaci mai shi. Wanda aka danƙa wa makullin ɗaki kawai, don ya share ƙura ya rubuta sunan mai aro, ba zai koyar da ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba.

Masu kare halin da ake ciki sukan fake da talauci. Hujjar ba ta da ƙwari. Shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara a 2002, na AGORA kuma, na Hukumar Abinci da Noma, a 2003. Dukkansu suna buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallun ilimi kyauta. Ɗalibin da ke nazarin albasar Galmi ko noman rani a fadamun Ƙonni yana da rijiya a gindinsa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Abin da ya rage shi ne ma'aikacin da ya san yadda ake rajista da nema, wanda kuma zai gane mujallar bogi mai buga kowace irin shara muddin an biya kuɗi.

Akwai kuma wani kuskuren, na ɗaukar cewa sani ya ƙare a Faransanci da intanet. Wanda ke son tarihin sarautar Adar a Illela sai ya koma ga littafin Djibo Hamani na 1975. Wanda ke bin diddigin ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa Birnin Ƙonni a 1899 dole ya gwada rahotannin Turawa da abin da dattawan gari suka gada a baka. Rubuce-rubucen Larabci da ajami suna ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai. Tunda dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ma'aikacin da ba ya iya nuna wa ɗalibi waɗannan ƙofofi rabin aikinsa kawai ya iya.

Saboda haka wajibi ne hukumomin jami'o'i su ɗauki ƙwararru, irin waɗanda makarantar EBAD ta Dakar ke yayewa tun 1967, su ware musu darasi a shekarar farko ta kowane ɗalibi, su kuma riƙa sabunta horonsu. Malaman sakandare da ƙungiyoyin al'adu na Ƙonni, Malbaza da Illela su ma kada su naɗe hannu: su saba wa yara da tambayar "wa ya faɗa, yaushe, da wace shaida?" tun kafin su bar gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.