Kibod Ɗaya, Harsuna Uku: Kira Ga Masu Shagunan Kwamfuta A Jonquet

Jama'a, duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kwatano da Legas ta iyakar Seme ya san cinikinmu da harsuna uku yake tafiya. Takardun duwan da na tashar jiragen ruwa da Faransanci ake cika su, abokin ciniki a Nijeriya Turanci yake so, 'yan'uwa a Zango kuma Hausa.

To, kibod ɗin kwamfuta ma iri-iri ne. Na Faransa, wato AZERTY, shi ya fi yawa a Benin. Na Ingilishi, wato QWERTY, shi aka saba da shi a Nijeriya. Inda A take a wannan, Q ce a wancan, haka Z da W. Babbar matsalar tana layin lambobi: a tsarin Faransa sai an danne Shift lamba ke fitowa, in ba haka ba a buga 2 a ga é, a buga 0 a ga à.

Kwanakin baya a wani shago a Jonquet na ga yaro ya gama wasiƙar Faransanci, ya koma lissafin kaya bai sauya tsarin ba. Farashin atamfa ya fito a hargitse. Da mai kayan bai duba ba, haka za a aika wa abokin cinikinsa.

Alhali maganin yana cikin kwamfutar, ba a biyan ko dala. A zamanin Windows XP da Windows 7 kowace manhaja tana riƙe harshenta. Daga Windows 8 a 2012 aka mayar da tsarin ɗaya ga duka, amma an bar zaɓin a saitin kibod, har a Windows 10 da 11. In aka kunna shi, tagar wasiƙa ta zauna a Faransanci, ta lissafi a Ingilishi, da an koma kan kowacce ta dawo da nata.

Wani zai ce ai danna Alt da Shift ya wadatar. Gaskiya ne, amma mai gaggawa da layin mutane a gabansa mantuwa yake yi.

Don haka muna kira ga masu shaguna su saita wannan, su kuma ƙara tsarin Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ, kada "ƙasa" ta koma "kasa". Kai kuma Alhaji, kada ka sa hannu a takarda sai ka karanta lambobinta ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.