Kano Daga Kan Dala, A Bangon Wani Shago A Gombe



Ran nan na shiga shagon wani tela ɗan garinmu a Jekadafari, sai na ga ya manna hoton tsohuwar Kano a bango. Ya ce min, "Malam, dubi garinmu lokacin da duniya take kwance." Na daɗe ina kallo. Gidajen ƙasa, itatuwan dabino, sararin sama garau, babu hayaniya ko kaɗan. Gaskiya ni ma sai da na ji kewar gida.

Amma fa jama'a, mu san abin da muke kallo. Hoton daga littafin Heinrich Barth yake, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim. Ya shiga Kano a watan Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, ya hau Dala ya zana garin. Wanda ya gyara zanen ya sa masa launi don bugawa a 1857 kuwa wani ne daban, Bernatz, wanda bai taɓa taka Kano ba. Wato natsuwar nan da ke kama mana zuciya, a Turai aka ƙarasa ta, don masu karatu na Landan da Jamus.

Sannan daga kan dutse kowane gari lafiya lau yake. Barth ɗin da kansa, da ya sauko ya ratsa kasuwa, ya rubuta cewa ya ga bayi a jere ana cinikinsu. Ya ƙiyasta mazauna garin kusan 30,000. Daga sama ba a bambance ɗa da bawa, ko mai rini da mai rigar da aka rina.

Abin da ya dame ni shi ne yadda muke amfani da irin wannan hoto. Muna nuna wa 'ya'yanmu, waɗanda aka haifa a Tudun Wada da Bolari, kamar can ne gari, nan kuwa zango ne kawai. Alhali Gomben nan sai a 1919 aka dawo da fadar sarki cikinta daga Nafaɗa, kuma da hannun baƙi irin iyayenmu, 'yan kasuwa da masu sana'a, ta cika ta tumbatsa.

Ban ce tela ya cire hotonsa ba. Na dai tambaye shi ko yana da na babansa a tsohuwar kasuwa. Ya ce yana jin akwai ɗaya cikin akwatin Hajiya, zai duba.