Rashawa Sun Karanci Hausa, Wa Zai Karanto Mana Rashanci?



A 1963 aka buga ƙamus na Hausa zuwa Rashanci a Mosko, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dmitri Olderogge. A 1970 wani Barashe, Yuri Shcheglov, ya fitar da littafin nahawun Hausa. Daga baya ya koma Amurka, ya zama farfesan adabin Rasha a Jami'ar Wisconsin. Su sun zauna sun naƙalci harshenmu. Mu fa?

Ka ce wa Baba a nan Sabon Gari Rashanci za ka karanta, kafin ka rufe baki zai ce, "Ina aikin yake?" Kuma yana da gaskiya. Ni mai difloma ta kwalejin fasaha na san nauyin tambayar nan. Kujerun koyarwa kaɗan ne, sanannun wuraren da ake ba da digirin kuwa Ibadan ne da Legas. Ga haruffa 33 da za ka fara da su kamar ɗan aji ɗaya, ga digiri uku a gabanka kafin a kira ka dakta.

Duk da haka ina ganin muna asara. Tolstoy yana da littafi mai suna Hadji Murat, wanda ya fito a 1912 bayan rasuwarsa, labarin jarumi Musulmi a tsaunukan Kokesas wanda ya ɓata da shugabansa Imam Shamil, ya koma wajen Rashawa, alhali iyalinsa na hannun Shamil. Amana, sarauta, yaƙi, sallah a kan lokaci. Basakkwace da ya tashi da tarihin jihadi zai ji labarin nan a jikinsa fiye da Bature. Amma in mun karanta shi, ta Turanci muke bi, miyar da aka ɗumama sau biyu. Masu rubuta gajerun labarai kuma, ku nemi Chekhov ku ga yadda ake kammala labari ba tare da an aurar da kowa ba.

Ba cewa nake mu ɗunguma gaba ɗaya ba. Mutum biyu sun isa, su koyar, su yi nazari, su fassara kai tsaye zuwa Hausa. Gwamnatin Rasha na ba ɗaliban ƙetare guraben karatu duk shekara, da shekarar koyon harshe a farko. Wanda ke da ƙane ko ƙanwa mai shirin cike JAMB, ya nuna masa wannan.