Waya Ba Ta Ba Da Ijaza



Wata magana ta yawaita a bakin samarinmu na Kumasi, wai zaman aji ɓata lokaci ne, tunda duk abin da mutum ke son koyo yana cikin YouTube. Ba mu musun cewa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mun ga yaran da suka koyi gyaran waya da ɗinki ta wannan hanya, har suna ciyar da iyayensu. Sai dai mu da muke riƙe da alƙalami a zauren dattawa muna ganin abin da ba ya fitowa fili.

Takardun da ake kawowa gabanmu, na fili da na kotu da na kwangila, duk da Turanci ake rubuta su. Sau da yawa gwanin sana'a yakan dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba, sai bayan ransa magada su tarar abin da ke rubuce ya saɓa wa abin da aka faɗa masa. Wani kuma ya fi kowa iya aiki, amma ranar da aka nemi takardar shaida, sai a bai wa wanda bai kai shi ba.

Magabatanmu sun san wannan tuntuni. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya durƙusa gaban malamai a ƙasar Hausa kafin ya zo Salaga ya karantar. Abu biyu malami ke bayarwa: gyara idan ka yi kuskure, da ijaza idan ka ƙware. Ko a Suame Magazine, yaro yakan yi shekaru ƙarƙashin maigida kafin a yaye shi. Waya kuwa tana nuna maka, amma ba ta ganin hannunka, balle ta tsaya maka shaida.

Iyayenmu sun guji makarantun mishan domin tsare addini, kuma suna da hujjarsu. Tun 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci mai haɗa Larabci da boko, tun 2017 kuma aka fara karatun babbar sakandare kyauta. Wane uzuri ya rage mana?

Duk mai ɗa a aji, ya bar shi ya kammala. Ya ƙara da na waya da yamma, bayan an duba littafinsa. Allah Ya sa mu dace.